Shafin da akuya ta cinye

Duk ranar da na ji warin tsohuwar takarda, sai gabana ya faɗi, ko da a ofis nake. Kayen kakana nake tunawa, wato littafinsa na rubutu.

Gidanmu na cikin ƴan tsirarun gidajen Kirista a Dakoro. Kakana ya yi jinyar kuturta a wani gidan likita can kudu yana saurayi, kuma a nan shi da abokinsa suka kwafi Linjila da hannu, kowa a kayensa. Kafin in yi wayo cutar ta cinye masa yatsu, idonsa ya dushe, gara ta fara cin gefen kayen. Da na kai aji huɗu a lakwal sai ya sayo sabon kaye da bik na rubutu, ya ce in kwafe masa. Ya gargaɗe ni sau ɗaya tak: wanda ya ƙara ko ya rage a maganar Allah, da Allah zai haɗu. 

Wata rana da bazara na bar tsohon kayen a kan tabarma na tafi shan ruwa. Na dawo na tarar akuyar innata tana tauna shafi guda, hankalinta kwance. Shafin makiyayin da tunkiyarsa ta ɓata ne. Ban gaya wa kowa ba. Na sha jin labarin, sai na rubuta shi da ka a sabon kayen. Da na zo inda ya same ta, na rubuta ya zabga mata sanda ya koro ta gida, domin ban taɓa ganin makiyayin da ya yi wani abu dabam ba a kasuwar dabbobi.

Daga nan tsoro ya zauna mini a ciki. In ya ce in karanta masa, sai in haɗa shafi biyu in wuce. Tsawar farkon damina, na rantse ni take nema. Ciwon ido ya kama ni, na ce shi ke nan, an fara.

Ga kuma abin da ya fi tsawa. Duk shekara bayan girbin hatsi, kakana yakan je Sabon Maci wurin abokin nan, su gwada kayensu layi bayan layi. A shekarar nan ni ce mai karatu. A kan amalanke na yi ta addu'ar ƙafar amalanken ta karye.

Muka zauna a inuwar rumbu. Ina karantawa, tsohon yana bin nasa da yatsa. Babu halin tsallakewa. Na karanta sandar da murya kamar ta sauro.

Yatsan ya tsaya. «A'a. A nawa bai buge ta ba. Ɗaukatta ya yi bisa kafaɗa.»

Kakana ya juyo. «Ke, mi ya faru?»

Na fashe da kuka na faɗi komai, har akuyar. Sandarsa tana jingine da rumbu, ni kuwa ita nake kallo. 

«Kada ki yage shafin,» in ji kakana. «Ja layi bisa naki, ki rubuta na gaskiya a gefe. Don haka munka yi biyu.»

Kafin la'asar muka tarar layi uku sun ɓace a na abokin, namu ya cike masa. Tsohon ya yi dariya, ni ko murmushi na kasa.

Yau jikokina a waya suke karantawa, sun ce babu gara, babu akuya. Ni dai sai na buɗe littafi biyu na gwada. Kayen yana cikin akwatina, da layin da na ja a kan sandar. A hanyar komawa ranar nan barci ya ɗauke ni a amalanke, na farka a ƙofar gida ina bisa kafaɗarsa, ya tallafe ni da hannun da babu yatsu.