Ɗan Akwatin da Na Ɓoye wa Kawu

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, direban tifa ne tun lokacin da ake gina madatsar ruwa ta Goronyo. Da aka gama ginin bai koma ƙauye ba, ya ci gaba da tuƙi a wurin masu aikin ban ruwa har ƙarfinsa ya fara raguwa. Abin da aka sallame shi da shi kaf ya zuba ya sayi wata farar a-kori-kura mai shan gas, cikin motocin da aka yi gwanjonsu. Ba shi da gona, ba shi da ɗa namiji. Daga motar nan ake cin tuwo a gidansa, shi da matarsa da muke kira Inna da 'ya'yansu mata uku. Da yanar ido ta fara rufe masa gani sai ya miƙa mini makulli.

Karatuna bai wuce firamare ba, tuƙi kuwa a hannunsa na koya. Aikinmu kwasar albasa daga fadamun da ke ƙasan madatsa zuwa kasuwa, wani lokaci Wurno, wani lokaci har Sakkwato. Doka ɗaya Kawu ya kafa mini: buhu goma sha biyu, kada in ƙara ko da mai kaya zai yi kuka. Wanda ya san buhun albasarmu, wanda ake cusawa har a ɗinka masa hula a baki, ya san sha biyu ba wasa ba ne. Amma sauran direbobi suna aza sha shida, har da masu sha takwas. In na shigo tasha sai su fara.

"Ga direban Kawu nan da rabin kaya. Motar taku azumi take yi?"

Ina dariya tare da su, abin yana cina a rai.

Wata rana a Sakkwato na shiga shagon kayan mota neman bel. Mai shagon ya nuna mini wani ɗan akwati ruwan ɗorawa, bai fi sabulun wanka girma ba, da waya mai baki biyu da ake haɗawa a jikin injin. Ya ce zai ƙara wa mota kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta, ya kuma rage shan mai. Na lissafa a raina, kashi ɗaya cikin uku na sha biyu buhu huɗu ke nan. Na saya, ya haɗa mini nan take, wata 'yar fitila koriya ta fara ƙiftawa. Ban faɗa wa Kawu ba.

Ba zan ce bai yi komai ba. Da ka taɓa totur sai motar ta zabura, tashi daga tsaye ya fi da sauri, ƙararta ma ta canja. A kan kwalta tsakanin Acida da Wurno na ji kamar an sake mini mota. Amma akwai abin da na gani na ƙi gani. Duk hawan da nake bi da giya ta biyu, da giya ta biyun dai nake binsa. Salansar motar ta fara fitar da baƙin hayaƙi. Man da aka ce zai ragu, ƙaruwa ya yi. Allurar zafi da ba ta taɓa wuce tsakiya ba ta fara leƙa sama.

Akwai wani tsohon bakanike a Goronyo, Kirista ne daga kudancin Kaduna, ya zo da kamfanin ginin madatsa ya zauna. Aminin Kawu ne, shi ke yi wa motar sabis. Yana buɗe bonet ya ga wayar. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya zaunar da ni kan benci ya yi mini bayani kamar yana magana da ɗansa. Ya ce akwatin nan ƙarya yake yi wa injin, yana gaya masa mai bai isa ba, shi kuwa injin sai ya ƙara zubawa. Ƙarin mai yana kawo ɗan ƙarfi, yana kuma kawo zafi. Ya ce ko na kirkin, wanda aka auna shi da irin injinka, abin da yake ƙarawa kaɗan ne, balle wannan.

"In ka ce ya ƙara mata ƙarfin buhu ɗaya, ban musa ba," in ji shi. "To ya ƙara mata lagireto? Ya ƙara mata kuloci? Sifirin ɗin nan da ke ɗauke da nauyin kaya na jiya ne ko na yau?"

Ya ce in cire ko ya gaya wa Kawu. Na cire a gabansa, na yi masa alkawarin ba zan mayar ba. Ban yi nisa da garejin ba na tsaya gindin wata bishiyar bedi na mayar.

Ranar da abin ya faru cikin bazara ne, bayan azahar, rana kamar ta faɗo. Wani manomi a fadamar wajen Rimawa yana da buhu goma sha takwas, ba ya son sawu biyu don yana gudun kasuwa ta watse. Direbobi biyu na tsaye suna jiran su ji amsata. Na ce a aza.

Daga fadamar kafin ka hau kwalta akwai wani dogon hawa mai rairayi. Mun kai rabinsa motar ta fara nishi, allura ta haura. Na gan ta da idona. Abin da ya kamata in yi na san shi: in tsaya, in bar injin yana aiki a hankali, a sauke kaya. Amma 'yar koriyar fitilar tana raina, ina ganin akwai sauran ƙarfi da ban taɓa ba. Na danne totur har ƙasa. Tururi ya taso daga bonet, motar ta mutu.

Sai na ƙara kuskure na biyu, wanda ya fi na farko. Magudanar ban ruwa tana nan gefen hanya cike da ruwa mai sanyi. Mu mutanen fadama mun saba in injin ban ruwa ya ɗauki zafi mu watsa masa ruwa ya ci gaba. Kawu ya sha gaya mini mota ba haka take ba. Na karɓi bokitin manomin na cika lagireto, sauran na kwara a kan injin. Na ji wata ƙara kamar tukunyar ƙasa ta tsage a kan murhu. Da na zaro sandar auna baƙin mai, sai na ga ya koma fari-fari kamar kunu.

Abin da na yi bayan nan shi ne ya sa nake rubuta wannan. Na cire akwatin na sa a aljihu. Na samo amalanke aka kwashe buhu shida, na roƙi manomin ya rufa mini asiri. Sannan na aika wa Kawu.

Ya zo a bayan babur. Da yake ba ya gani sosai, da hannu ya bi buhunan yana shafawa yana ƙirgawa. Goma sha biyu.

"Mi yas same ta?"

Na ce allura ce ta tashi farat ɗaya, kafin in ankara ta mutu. Ya dafa bonet. Ya ce laifinsa ne, tun bara ya kamata ya canja lagireto yana ta jan ƙafa. Ya juyo wajena ya ce, "Yi haƙuri ɗana, na bar ka cikin rana da tsohuwar mota."

Aka jawo ta zuwa gareji. Tsohon bakaniken ya kwance injin, ya ga kan injin ya tsage har ciki, ya ga yadda fistin suka ƙone. Bai ce komai a gaban Kawu ba. Da muka keɓe ya ce mini shi ba zai faɗa ba, magana tawa ce, ni zan kai ta da bakina. Tun daga ranar in na gaishe shi yana amsawa, amma bai sake zaunar da ni kan bencin ba.

Sayen wani injin ya fi ƙarfin Kawu. Motar ta yi damina biyu a ƙofar gida, tayoyi suka sace, kaji suna ƙwai a bayanta, daga ƙarshe 'yan gwangwan suka ɗauke ta. Kawu, da tsufansa da idonsa, ya koma zaman gadi a rumbunan albasar wani ɗan kasuwa. Shi ya kama hannuna ya kai ni wurin wani mai motoci ya nema mini aiki. A gabana ya gaya wa mutumin cewa wannan ɗan bai taɓa ƙetare abin da aka gindaya masa ba.

Na sha tafiya gidansa da niyyar faɗa, sai in tarar yana alwala ko yana cin abinci, in ce sai gobe. Da ciwon ajali ya kwantar da shi ya tara mu ya nemi gafarar kowa. Na durƙusa na ce ni ma ya yafe mini.

"Kai kuma mi ka yi min? Tashi."

Na tashi. Kwana huɗu bayan nan aka kai shi makwancinsa.

Duk kaka ina kai wa Inna gero da shinkafa. Bara da na kai, na zauna a tsakar gida na gaya mata komai, tun daga shagon Sakkwato har buhu shida na amalanke. Tana tsintar shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba har na gama. Ta ce shekara biyu Kawu yana tashi da maganar lagireton nan yana kwana da ita. Ta ce hakkin ba nata ba ne balle ta yafe, in nemi gafarar Allah, in riƙa yi masa sadaka.

Bana ma na kai hatsin. Ta karɓa ta yi godiya, ta sa aka shimfiɗa mini tabarma a zaure inda ake sauke baƙi.