Bangon da ke ɗumama bayan Kaka

Shekarun baya, a wata kakar da daji ya hana mu sakewa, na koma ƙauyenmu kusa da Kutemeshi don in taya mahaifina girbi. A lokacin ba mai zuwa gona shi kaɗai. Sai an haɗu a tafi tare, kuma kafin la'asar kowa ya kama hanyar gida, saboda 'yan bindiga. Ni da ma Allah ya yi ni da saurin faɗuwar gaba, ko akuya ce ta motsa a cikin ciyawa sai na tsaya na karanta abin da na sani.

A al'ada idan an cire wake, ana barin harawa a gona ta sha rana, sannan a ɗaure ta a ɗora kan bishiya ko kan rufi, ita ce abincin dabbobi har rani. A shekarar ba wanda ya yarda ya bar komai a gona. Muka kwaso tamu da sauran ɗanyenta, ga ruwan ƙarshen damina ya ɗan taɓa ta a hanya. Muka cusa ta a ɗakin marigayi kakana, wanda ba kowa a cikinsa tun rasuwarsa, muka danna ta da ƙafa har kusa da rufi, muka ja ƙofa.

Ɗakin bango ɗaya ne da na kakata, mahaifiyar babana, rufinsu ma ɗaya. Ƙafafunta sun riga sun gaza, daga gado sai tabarma, ga ciwon baya. Ni ne mai shafa mata man zafi da safe, don ta ce ba hannun da ya iya sai na maigidanta, wato ni, irin wasan kaka da jika.

Bayan wasu makonni na shiga da man, sai ta kore ni da hannu.

"Maigida, na sallame ka," ta ce. "Na samu wanda ya fi ka. Taɓa bangon nan ka ji."

Na ɗora tafin hannuna. Bangon da ɗumi, kamar jikin tukunyar da aka sauke ɗazu. Rana kuwa ba ta taɓa wannan ɓangaren.

"Ka gani? Ko bayan ransa kakanka bai bar ni na ji sanyi ba," ta ce tana dariya.

Na yi dariyar ni ma, amma ba ta kai ciki ba. Na zagaya ƙofar ɗakin harawar na sa hanci. Wani ƙamshi ke fitowa, mai zaƙi-zaƙi, kamar an bar alewa a kasko ta fara ƙonewa. Ba hayaƙi, ba komai. Na faɗa wa mahaifiyata, ta ce ita ma kwana biyu tana jin sa, ta ɗauka daga madafin maƙwabta ne.

Mahaifina ya zo ya taɓa bangon, fuskarsa ta canza. Har ya kai hannu zai buɗe ƙofa, sai maƙwabcinmu mai shanu, wanda ya shigo karɓar aron gatari, ya riƙe masa hannu.

"Malam, kar ka buɗe tukuna. Irin wannan wutar ta taɓa cinye mini tarin harawa. Tana ci a ciki, iska kawai take jira. A tara ruwa, a fitar da tsohuwa."

Tara ruwa bai yi wuya ba, mata suka hau rijiya, duk wani bokiti da roba na gidan aka cika. Fitar da tsohuwa ne aikin.

"Inna, ki yi haƙuri mu kai ki rumfa na ɗan lokaci," mahaifina ya ce daga durƙushe.

"Saboda me?"

"Wuta muke tsoro."

Ta dubi rufi, ta dubi bango, ta dubi ɗanta. "Ina wutar? Nuna mini ita. Tun kafin a haife ka nake hura wuta, ban taɓa ganin wadda ba harshe ba hayaƙi ba. Kun ga na samu sauƙin baya ne kawai."

Mahaifina mutum ne da bai taɓa ɗaga wa uwarsa murya ba, kuma ba ranar zai fara ba. Ya ci gaba da lallashi, ita kuma ta ƙara jingina da bangon. Ni ina tsaye, idona na kan azarar da ta ratsa daga wancan ɗakin zuwa daidai saman gadonta. A gaskiya ban taɓa jin tsoro irin na wannan tsayuwar ba, ko a hanyar gona.

Abin da ɗa ba zai iya ba, jika yana iyawa. Na tsuguna na ba ta baya, na ce, "Amarya, yau zan kai ki sabon ɗaki, na gaji da kishi da mamaci." Kafin ta buɗe baki na goya ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Tana dukan kafaɗata da mafici, tana cewa auren ya mutu, har na dire ta a gindin mangwaro.

Sannan aka buɗe ƙofar. Harawar bakin ƙofa lafiya lau take, har na fara jin kunyar tayar da hankalin gida. Muka ci gaba da ja da manjagara. Can ciki ta koma ruwan ƙasa, tana tururi, ba ta taɓuwa da hannu. Da muka kai jikin bangon Kaka sai muka tarar da baƙi ƙirin, gawayi sosai. Iska na taɓa shi ya yi ja, jan ya fara yaɗuwa. Muka yi ta sheƙa ruwa har ɗakin ya zama caɓi. Ƙarshen azarar nan ma ya ƙone har rabi. Har muka gama ban ga harshen wuta ko ɗaya ba.

Daga baya na fahimci abin. Ɗanyen ganye idan aka danne shi yana fitar da zafi da kansa, in zafin bai samu mafita ba sai ya yi ta cin abin a hankali, yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Dabbobinmu sun sha wuya a ranin nan, amma ba wanda ya yi ƙorafi. Har yau ba na wuce tarin harawa ko buhunan masara ban cusa hannu ciki ba, matata ma ta gaji da yi mini dariya.

Kaka ta ƙara shekaru kafin Allah ya karɓi abarsa, Allah ya jiƙanta. Amma abin da na fi tunawa shi ne ranar da aka canza azara aka mayar da ita ɗakinta. Ta jingina da bangon, sannan ta harare ni.

"Ya huce," ta ce. "Kun kore shi. To maigida, sai ka ɗauko man zafinka."

Na ɗora hannu a bangon na ji shi da sanyi ƙalau. Na juya neman kwalbar man, don kar ta ga idona.