Jirgin da Na Wanke daga Allo

Ranar wata Alhamis ce da hantsi, a shekarar da aka fara yaƙin basasa, gero ya yi kai, ina bisa rumfar kara a gonarmu ta bayan Rijiyar Zaki ina korar tsuntsaye. Igiyar gwangwanaye na hannuna, majajjawa na rataye a wuyana. Mun saba da jirage, don filin jirgin Kano ba shi da nisa da mu, amma duk masu farfela ne, kana jin gurnaninsu tun kafin ka gan su. Wannan kuwa shiru ya zo, ƙasa-ƙasa, bakinsa tsini, fikafikansa a kwance baya kamar bakin garma. Sai da ya wuce tsamiyar kan iyaka sannan ƙararsa ta faɗo mini. Tsuntsayen da na kwana uku ina fama da su suka tashi gaba ɗaya.

Na bar gonar na sheƙa gida. Inna na surfe, na gaya mata, ta ce, "To, wa ka bar wa geron?" Abokina Ɗanlami ya ce shaho na gani yunwa ta ƙara masa girma. Na kasa zama, na kasa cin ɗumame. Ji nake idan ban ajiye siffar nan a wani wuri ba za ta zube. Takarda kuwa a gidanmu ta littattafan Baba ce, ba a taɓawa. Sai na shiga zaure, inda Baba ke karantar da yaran unguwa, na ɗauko allona. Duka fuskokin biyu da rubutu. A ƙa'ida ba a wanke allo sai ka biya wa malam, ya tabbatar ka haddace, ya ce ka wanke. Ban jira ba. Na wanke karatun da ban iya ba, na shanya allon a jikin rumbu ina ta juya shi don ya bushe, na tsoma alƙalami a tawada na zana jirgina.

Ranar Asabar da aka koma karatu Baba ya karɓi allon. Na sunkuyar da kai ina jiran bulala. Ya daɗe yana duba zanen, har ya karkata shi wajen hasken ƙofa. Sannan ya ce, "Wancan ka wanke ba ka haddace ba. Wannan fa, ka haddace shi?" Na ce na haddace. Ya ce, "To, je ka wanke."

Daga baya aiki ya kai ni ƙasashe, na koyi harsuna, kuma duk birnin da na sauka sai na tambayi inda suke ajiye tsofaffin jiragen yaƙi. Na fi daɗewa a wajen na gwaji, waɗanda aka ƙera ɗaya ko biyu aka fasa ci gaba da su: wani ba wutsiya, wani fikafikansa sun juya gaba, wani kamar faifai. Nakan durƙusa in ɗauke su hoto ta ƙasa, yadda na ga nawa. Wasu ƙasashen suna goge su kamar kayan ɗakin amarya, wasu sun bar su ruwa na dukansu. Sau ɗaya na tsaya gaban wani na ce shi ne, mai gadin wurin ya ce wannan bai taɓa barin ƙasarsu ba.

Yau gonar ta zama gidaje, tsamiyar ma an sare ta. Yaran unguwar kan ɗaga waya su kama jirgi a hoto kafin ya wuce, ba mai ƙaryata su. Ni kuwa hotuna sun cika mini akwati, kuma kowane sabo sai ya ɗan goge na cikin kaina, har na fara shakkar inda wutsiyarsa take. Na ce wa Baba na haddace. Har yau ina tilawa, ban kawo shi ba.