Zaman da Baba Yake Saye

Ina cikin aji a Dosso, alli a hannuna, ƙanena Sani ya kira: "Yaya Hadiza, Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tarin da ya daɗe yana cin ƙirjinsa ya gama da shi.

Mahaifina Malam Idi ɗan dako ne a tashar manyan motoci ta Gaya, kusa da gadar Malanbil. Da wuyansa ya biya mini lakkwal, makarantar boko. Bai taɓa shiga gida da taba a baki ba. A ƙofa yake kashe ta, ya kurkure baki kafin ya ɗauki jikansa. Yakan ce, "Wutata ce, kada ta taɓa ku."

A zaman makoki, ta bayan zana, muka ji Alhajin da Baba ya tsufa yana sauke wa shinkafa yana cewa, "Ai shi ya ja wa kansa. Ni ban bari ba?" Wallahi har yau raina tafasa yake. Ka bari, Alhaji, da likita a Yamai, da magani, da ɗaki mai sanyi! Gargaɗin da ka karanta jikin kwali da faransanci, Baba bai iya karanta shi ba. Kwalin ma bai taɓa saye ba, sai kara-kara.

Kuma wa ya ce bai gwada ba? Kowane azumi sai ya bari. Goro, citta, asuwaki, har leɓensa ya tsage. Amma kai ka san dokar wurin lodinka: wanda ya kunna taba ana ƙyale shi ya zauna har ta ƙare, wanda ya zauna haka kawai rago ne, gobe ba a kiransa. Da na yi wa Baba bayanin illarta ina kuka, sai ya ce, "Uwata, ba hayaƙin nake saye ba, zaman nake saye."

Bayan sadakar uku aka sa Sani a gurbin Baba. Da yamma ya dawo da karan taba maƙale a kunne, ya kasa duban idona.

Ya Allah, ka jiƙan Baba, ka haskaka kabarinsa, ka ba shi hutun da bai taɓa samu ba sai da wuta a baki. Ka ba Inna haƙuri. Sani kuwa, ya Rabbi, ka buɗa masa wata hanyar abinci tun tari bai fara ba. Amin.