Gida na Uku Bayan Injin Niƙa

Babana mai gyaran keke ne da babur, amma sai ka yi sa'a za ka same shi a rumfarsa. Abin da za ka tarar shi ne famfon iska a jingine, bahon ruwan gwada tiyub, da wani keke a kife ƙafafu sama tun shekaranjiya. Maƙwabcinsa mai aski ya gaji da amsa tambaya, ko ɗago kai ba ya yi, sai dai ya ce, "Yanzu ya tashi." Da haka sunan ya bi shi. Har gobe a ƙauyenmu Yanzu-ya-tashi ake ce masa, kuma yana amsawa.

Abin ya samo asali ne daga famfon ruwan unguwarmu, tun ina 'yar firamare. Ya lalace aka yi wata biyu ana jiran waɗanda suka haƙa shi. Baba ya je ya leƙa, ya ga sarƙa ce da noti kamar na keke, ya kwance ya ɗaure, ruwa ya zo. Daga ranar bai sake zama ba. Shi ne a kwamitin famfo, shi ne a masu cike ramukan hanya da damina, shi ne a masu share makaranta kafin yara su koma. Da wata mai haihuwa ta kusa rasa ranta saboda jini, ya bi gida-gida ya haɗa ƙungiyar masu ba da jini. Ba wanda ke biyan kowa ko sisi, kuma ba wanda ya taɓa tambaya.

A tsaye yake shan shayi. Takalminsa kullum a take yake ta baya, don ba ya tsayawa ya zura ƙafa sosai. Idan kana masa magana idonsa na kan wani abu a bayanka da ya karkace. Ba zan ɓoye ba, ina alfahari da shi, kuma yana ba ni haushi, wani lokaci duka biyun a cikin minti ɗaya.

Wadda ya fi ji da ita cikin ƙungiyoyin ita ce ta duba marasa lafiya. Ya kafa ta ne bayan an sami wani tsohon magini ya kwana biyu a ɗaki da zazzaɓi ba wanda ya sani. Su goma sha huɗu ne, maza da mata, suna haɗuwa kowace Asabar bayan la'asar a wani aji na makarantar firamare, a raba musu gidajen da za su je.

Ga shi kuma a gidanmu Umma na kwance.

Ciwon suga gare ta tun da daɗewa. Wani ɗan miki ya fito mata a babban yatsan ƙafar hagu, ya ƙi warkewa, ya yi ta ci har wata bakwai. Ni na rufe keken ɗinkina na dawo gida ina wanke mata. Kada a ce Baba bai damu ba. Magani bai taɓa yankewa ba, kuma da hannunsa ya lanƙwasa mata sandar dogarawa daga kan wani tsohon keke, har da robar riƙo. Kullum da safe zai tsaya a bakin ƙofar ɗakinta, hannu ɗaya a kan labule.

"Ya jikin?"

"Da sauƙi, Malam."

"Madalla. Bari in leƙa wajen famfo."

Shi kuma ya yarda da "da sauƙi" ɗin nan, kamar bai san kowa haka yake cewa ba.

Ranar da muka je babban asibiti a birni, shi ya kai mu. Ya zauna tare da mu a benci bai fi minti uku ba, sai aka turo wata tsohuwa a keken marasa lafiya, tayarsa ɗaya na kuka. Na ga kunnensa ya tashi. Kafin a kira mu ya bi su da sifana a hannu. Mu biyu muka shiga wajen likita. Likita ya buɗe bandeji, ya daɗe yana kallo, ya ce sai an yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ya ba mu mako biyu mu dawo. Ya ce idan aka wuce haka abin zai hau sama, kuma ba ƙafa kaɗai zai ɗauka ba.

A mota Baba na gaba yana ba direba labarin tayar keken da ya gyara. Na buɗe baki zan kira shi, Umma ta damƙe mini wuyan hannu.

"Ni zan gaya masa," ta ce a hankali. "Shekara talatin da shida ƙafar nan na zagaya gidansa. Ba zan faɗa wa ƙeyar mutum ba. Sai ya zauna, ya dube ni."

"In bai zauna ba fa?"

"To ba inda za ni."

Na san Umma. Ba ta da hayaniya, amma idan ta kafe ko da igiya ba ka jan ta.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Ta ce masa, "Malam, shigo ka zauna mana," ya ce yanzu zai dawo, masu cike hanya na jiran shebur. Washegari ya shigo har tsakiyar ɗaki, ya dafa kujera, sai wayarsa ta yi ƙara. Rana ta uku ya zauna ɗin, a hannun kujera, Umma ta ja numfashi ta ce, "Ranar nan a asibiti," sai ya hango ƙusar taga ta fita ya tafi neman guduma. Ni kuwa na kasa tsaye na kasa zaune. In share tsakar gida, in sake sharewa, in leƙa ƙafar in ga baƙin ya ƙara matsowa idon sawu. Sau biyu na tare shi a zaure da niyyar in faɗa masa kowa ya huta, sai in tuna riƙon da ta yi mini, in ce masa sabulu ya ƙare.

Saura kwana biyar ta kira ni.

"Je ki wajen Malama, ki ce a sa ni a takarda."

"Umma, ƙungiyar mijinki ce fa."

"Shi ya sa."

Malama tsohuwar malamar makaranta ce, ita ta koya wa rabin ƙauyen karatu, yanzu ita ce sakatariyar masu duba marasa lafiya. Na same ta tana tsintar tsakuwa a cikin wake, tabarau a ɗaure da zare. Na gaya mata komai. Ta cire tabarau ta ajiye a cinya.

"Kin ga sakarcinmu? Duk mun ɗauka gidan shugaba ba ya buƙatarmu. Kowa na cewa ai shi yana can yana dubawa."

Ta bayyana mini yadda suke aiki, duk kuwa Baba ne ya tsara. Ba a rubuta suna a takardar da ake ba mai zuwa dubiya, sai kwatancen gida da irin ciwon, don kada takarda ta faɗi a hanya asirin mutum ya tonu. Ana zuwa mutum biyu, ɗaya ya yi hira, ɗaya ya riƙe masa waya ya duba lokaci. Awa ɗaya cur ake zama. Ba a gyara komai, ba a ɗauko komai, zama kawai da saurare. Kuma ba a ba mutum gidansa, don kada ya je ya miƙe a gadonsa ya ce ya yi aiki.

"Waccan dokar ta ƙarshe don malalata aka yi ta," in ji Malama. "Ubanki kuwa ko wanda ba ya ƙaunarsa ba zai kira shi malalaci ba. Ki zo ranar Asabar."

Na je. Manya goma sha uku a matse a bencin yara, gwiwoyi na dukan tebur. Baba ne kaɗai a tsaye, yana goge allon da ba wanda zai yi rubutu a kai. Malama ta raba takardu, ta miƙa masa tasa daga ƙarshe. Shi kuma al'adarsa ce ya karanta da ƙarfi, da sauri, idonsa na kan ƙofa.

"Ciwon ƙafa, wata bakwai, ba wanda ya je daga cikinmu." Ya ɗaga kai. "Subhanallahi! Wata bakwai? Jama'a, wane irin gida ne wannan? Ba maigida ne? Mutum na kwance wata bakwai a ce ba wanda zai zo ya sanar da mu? Wallahi wasu mutane sai a hankali."

Mai aski ya sunkuyar da kai yana kallon farcensa.

Baba ya koma kan takardar. "Gida na uku bayan injin niƙa, mai ƙofar..."

Ya tsaya. Na ga yatsunsa suna ƙirgawa a jikin rigarsa, ɗaya, biyu, uku. Sai ya dube ni, kamar yanzu ya lura ina ajin.

"Malama, ai akwai doka," ya ce, murya ta yi ƙasa.

"Akwai. Ka ba 'yarka wayar."

Ya miƙo mini. Muka fito, yana gaba ina baya, kuma wannan ne karo na farko a rayuwata da ban yi gudu ba don in cim masa. A ƙofar gidansa ya tsaya ya yi sallama kamar baƙo, yadda masu dubiyar suke yi. Umma ta amsa daga ciki. Ta sa an gyara mata zama, ta yafa mayafinta na fita, ga kujera an ajiye daidai gabanta.

"Sannu da zuwa, Malam. Bismillah, zauna."

Ya zauna. Na tsaya a bakin ƙofa na duba waya, biyar saura kwata.

"Ya iyali?" Umma ta ce. "Na ji an ce mai ɗakinka ba ta jin daɗi."

Na so in yi dariya, na so in yi kuka, na ciji leɓe. Gwiwar Baba ta dama ta fara rawa. Idonsa ya tafi kan taga, ya dawo, ya tafi kan agogon bango da ya tsaya tun bara, ya dawo. Ya sa hannu a aljihu ya taɓa sifana, ya fitar da hannun. Wayar ta fara zillo a tafina, mutumin kwamitin famfo ne. Na kashe. Ya sake kira, na sake kashewa.

Umma ba ta yi sauri ba. Ta tambaye shi aikin hanya, ya amsa da kalma biyu. Ta ba shi labarin kazar maƙwabta da ke shigo mata ɗaki. Sai da ta ga gwiwar ta ɗan lafa, ya daina kallon bango yana kallon ta, sannan ta ce mini in kwance bandejin.

Tun wata na biyu rabonsa da ganin ƙafar a buɗe. Ya duba, ya ce, "Innalillahi," ya sake dubawa.

Ta gaya masa. Ba ta ƙara ba ta rage ba, yadda likita ya faɗa, da inda za a yanke, da ranar Talata da aka ba mu. Ta nuna wurin da yatsa a ƙasan gwiwarta.

Zumbur ya miƙe, kujerar ta faɗi baya.

"Talata? Nan da kwana uku? Ke, ba ni wayar! Sai an nemo direba tun yau. Jini fa? Mutum nawa za su buƙata? Bari in je wajen mai aski, irin jininku ɗaya. A'a, bari tukuna, akwai wani likita da aka ce..."

Ya riga ya kai bakin ƙofa, hannunsa a miƙe gare ni. Na ɓoye wayar a bayana, ni da ban taɓa hana shi komai ba.

"Malam," Umma ta ce. Ba ta ɗaga murya ba. "Nawa ya rage?"

Ni take tambaya. Na duba. "Minti ashirin da biyar."

"Direba na nan gobe, jini na nan gobe. Duk za ka samo, na sani, ba wanda ya kai ka. Ni tsoro nake ji, Malam. Mako biyu ina jin tsoro ni kaɗai."

Ya tsaya a nan, rabi a ɗaki rabi a waje, labule a kafaɗarsa. A ƙofar gida wani ya rafka sallama yana cewa famfo ya tsaya, mata sun yi layi. Baba ya juya kai wajen muryar. Mutumin ya sake sallama, ya kira shi da sunan nan nasa.

"Je ki ce masa ba na nan," Baba ya ce mini. Sai kuma ya girgiza kai. "A'a. Ce masa ina nan. Ba zan fito ba."

Na je na faɗa. Mutumin ya tsaya yana kallona kamar na yi masa wani yare, na rufe ƙofa.

Da na dawo bai tayar da kujerar ba. A ƙasa na same shi, kan siminti, ya ɗora ƙafar a cinyarsa, tafinsa mai baƙin mai a ƙarƙashin diddigenta. Hawaye na bin gemunsa bai share ba, don hannayen duka biyu na riƙe. Umma ta jingina da bango ta lumshe ido tana ba shi labarin abin da take gani idan ta tuna ɗakin tiyata, shi kuma yana cewa, "Ina ji. Ci gaba, ina ji."

Shida saura kwata ta yi, na duba wayar na gani. Na sa ta a aljihu na koma tsakar gida ban ce musu komai ba.