Kalandar Ɗakin Mama Saratu

Har yau ban taɓa mantawa da ranar da aka kira ni ɗaukar mutane na dawo da hoton kalanda ba. Wata Asabar ce a tsakiyar damina, kuma a lokacin na haura shekara ashirin ina sana'ar hoto a ɗan shagona na Gyaɗi-Gyaɗi, don haka ba zan laɓe da ƙuruciya ba.

Ran Talata wata mata ta zo shago, Madam Rifkatu, ma'aikaciyar jinya da ke zaune a Unguwa Uku, asalinsu mutanen Kudancin Kaduna ne. Ta ce mahaifiyarsu, Mama Saratu, tsohuwar malamar firamare, tana kwance, ko tsakar gida ba ta iya fitowa. 'Ya'yanta shida za su haɗu ran Asabar, rabonsu da haɗuwa gaba ɗaya tun rasuwar babansu, kuma washegari kowa zai kama hanya.

"Malam Auwalu, hoto ɗaya muke so, mu da ita," in ji ta. "Amma ban da filasha. An yi mata aikin ido, haske yana sa ta hawaye. Ɗakin kuma taga ɗaya gare shi."

Na ce kada ta damu. Haka muke cewa kullum, sai mun koma gefe mu fara damuwar.

Ga wanda ba ɗan sana'a ba, lens shi ne gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara. Wanda nake da shi na biki ne, sai da rana ko filasha. Ɗaki mai duhu yana son lens mai faɗin ido, wanda ke shan haske da yawa. Sai dai yana da hali: ɗan siririn wuri kawai yake fitarwa fes, in ka kuskure kaɗan sai fuska ta dushe. Shi ya sa muke barin kyamara ta saita da kanta, abin da muke kira fokas.

Na nufi Daurawa wajen Alhaji Ɗanliti, maigidana da ya koya mini riƙon kyamara, wanda yanzu yake sayar da kayan hoto na hannu. Ya ɗauko wani tsohon lens, ya ɗaura a kyamararsa, ya auna lungun shagon. Na ji 'yar ƙarar nan ta saitawa, hoto ya fito fes.

"Kamfaninsu ɗaya da taka, bakinsu ɗaya, zai zauna," in ji shi.

Tawa kyamarar tana rataye a kafaɗata, kuma ƙa'ida ita ce ka ɗaura a taka ka gwada. Amma a wurinmu, idan maigidanka ya gwada maka kaya da hannunsa, ka ce bari ka sake gwadawa, kamar ka ce ba ka yarda da shi ba ne. Na ji nauyi, na ce, "Allah ya ƙara girma, Alhaji," na jefa a jaka. Daga Laraba zuwa Juma'a ina wata makaranta ina ɗaukar fasfo na ɗalibai, ban buɗe jakar ba. Wannan kam ba kunya ba ce, sakaci ne.

Zama dai lens ɗin ya zauna a kyamarata. Abin da na manta shi ne, tsofaffin lens irin wannan ba su da injin saitawa a cikinsu, sun dogara da ɗan injin da ke jikin kyamara. Ta Alhaji tana da shi. Tawa ba ta da shi.

Ran Asabar na isa wajen ƙarfe uku, ga hadari ya haɗo, ga babu wuta. An jingina Mama da matasai, an ɗaura mata ɗankwalin zumuntar matan cocinsu, 'ya'ya sun kewaye ta. Na taɓa maɓalli, shiru. Na sake taɓawa, shiru. Lens ya ƙi saitawa.

"Malam, a ɗan hanzarta, ba ta iya dogon zama," in ji Madam Rifkatu.

A nan ya kamata in ce su ba ni rabin awa in nemo wata kyamarar. Ban faɗa ba. Na murza lens da hannu, da idon da na shekara biyu ina ɓoye wa mutane cewa ya fara rauni. Na ɗauka sau goma, na leƙa ɗan allon bayan kyamara, na ga kamar ya yi.

"Ya yi kyau?" Mama ta tambaya da 'yar muryarta.

"Ya yi kyau, Mama."

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. To, ku kwantar da ni."

Washegari da hantsi na buɗe a kwamfuta. Fuskoki bakwai sun dushe kamar ana hango su ta jiƙaƙƙen gilashi. Kalandar da ke bango a bayansu kuwa, ko wace lamba ana karantawa. Duka goman haka suke. Kafin lokacin 'ya'yan sun taso daga coci sun kama hanya. Na yi niyyar in kira in ce a bar ni in koma in ɗauki Mama ko ita kaɗai, kunya ta sa na riƙa cewa gobe. A kwana na tara ta rasu.

Madam Rifkatu ta zo karɓar hoton don a sa a takardar jana'iza. Na juya mata kwamfutar, na gaya mata duk yadda aka yi, ban sa sunan Alhaji ba don ba laifinsa ba ne. Ta daɗe tana kallo. Na so a ce ta zage ni, da na fi samun sauƙi.

"Ga ta nan a tsakiya," in ji ta. "Na gane zamanta. Wanke mini shida, kowa ya samu."

A takardar jana'izar, tsohon hotonta na katin aiki suka sa.

Ku da kuke tasowa, ku gwada kaya a kyamararku ko a gaban wa ne, ba rashin ladabi ba ne. Idan kuma abu ya ƙi, ku faɗa tun mutane suna zaune, domin a sana'ar nan akwai zaman da ba a maimaitawa. Mutane suna yafe mana fiye da yadda muka cancanta, amma yafiya ba ta gyara hoto.

Na wanke bakwai, na bakwan yana rataye a saman teburina. Masu zuwa kan tambaye ni me ya sa na rataye lalataccen hoto. Ba na iya ba su amsa, domin duk sanda na kalle shi, muryata nake ji tana cewa, "Ya yi kyau, Mama."