Kwabon da Baba Osumanu Ya Huda

Duk wanda ya kwana a Maamobi ya san Baba Osumanu, ko bai so ba, domin shi ke riƙe da makullin bayan gidan unguwa. Da asuba za ka same shi a kan benci, gwangwanayen ruwa a dama saboda Musulmi, yankakkiyar jarida a hagu saboda sauran bayin Allah. Ba ya fira da mutanen layi. Ya ce mai matsuwa ba abokin zance ba ne.

Ubansa soja ne na zamanin Bature. Ya je yaƙi ya dawo da tari, da bargo, da wani baƙin kwabo da babu mai karɓa a kasuwa. Bargon ya ƙare, tarin ya tafi da mai shi, kwabon ya faɗo wa Osumanu. Shekarar da ya kama aiki, kwanon ƙofar bayan gidan ya yage a gindin ƙusa, sai ya ɗora kwabon a wurin, ya buga ƙusa ta tsakiyarsa. Ƙofa ta tsaya daram. Yaran da aka haifa lokacin har sun yi gemu ba ta motsa ba.

Ana nan sai aka yi aikin gayya na tsabtace unguwa. Osumanu ya sa toka da lemun tsami yana goge ƙofa, datti ya fita, rubutu ya bayyana a kan kwabon. Na Larabci.

Shi dai karatunsa bai wuce na salla ba, amma ya san abin da kowa ya sani: takarda mai irin wannan rubutu ko a ƙasa ka gan ta, ɗauka kake yi ka cusa a bango. To ga shi ya kafe nasa a ƙofar bayan gida, ya kuma huda shi da hannunsa. In da sunan Allah a ciki fa?

Ya yi alwala, ya zare ƙusa, ya naɗe kwabon a farin ƙyalle, ya koma gida ya zauna. Ya ce wa matarsa Sala ya bar aiki, sai ya ji abin da aka rubuta. In sunan Allah ne, ba zai ƙara taka wurin ba har kabari.

Washegari layin bayan gidan ya kai bakin titin trotro, motocin haya. Aka aiko masa, ya miƙa makulli ya ce duk mai so ya karɓa. Manyan unguwa suka dubi makullin, kowa ya tuna yana da ciwon baya.

Wasiu mai gyaran agogo ya sa gilashinsa a ido ya ce zinariya ce. Da aka ce ya saya, sai ya ce tagulla ce. Wani Bazabarme ya juya kwabon ya ce a garinsu irin wannan a wuyan jariri ake ratayawa, abin da ya ƙara wa Osumanu zazzaɓi. A ƙarshe unguwa ta rako shi unguwar Nima wurin Malam Zuberu, wanda ya yi karatu a Sudan. Ba a taɓa raka mutum neman ilimi da sauri haka ba.

Malam ya kai kwabon hasken taga, ya daɗe yana dubawa.

"Kuɗin Masar ne, Osumanu. Ga sunan ƙasar, ga shekara, ga sunan wani sarkinsu da ya daɗe da mutuwa. Ko ƙosai ba zai saya maka ba."

"Allah gafarta Malam, sunan Allah fa?"

"A abin da nake gani, babu. Amma abin da ƙusarka ta cinye, ba zan yi shaida a kai ba."

Osumanu ya ɗaga kwabon, ya leƙa ramin, ya hango fuskokin maƙwabta ta ciki, duk a murtuke. Ya fara naɗe ƙyallensa zai tashi.

Sala ce ta yi magana daga bakin ƙofa. "Malam, a yi mini haƙuri. Wannan ɗan ramin ko ƙwayar masara ba ta wucewa. Sarkin nan zai baje sunansa gefe zuwa gefe, ya matse na Ubangijinsa a nan?"

Malam ya shafa gemu. "Sarakuna sun yi abin da ya fi haka, uwargida. Amma dai haruffan sunan Allah dogaye ne. Da an ga kawunansu a saman ramin."

Osumanu ya sake leƙawa. Babu kan komai. Ya ɗauki makullinsa, ya bar wa Malam kwabon ajiya, ya yi sadakar koko don ko-ta-kwana.

Ƙofar kuwa da murfin kwalbar lemo ya gyara ta. Kafin ya buga ƙusa, sai da ya aika da murfin Nima aka duba masa ciki da baya.